Sifikar Ƙofar Direba

Litinin, 3 ga wata

Yaya Kunne,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na sansanin gina hanya. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Gwaggo ta ɗan motsa, amma jiya na tarar da ita tana yi wa kaji faɗa, ka san tsohuwarka, in tana faɗa to da sauƙi. 'Yan biyuna suna gaishe ka. Tunda ka zaɓi dajin da waya ba ta shiga, sai ka haƙura da rubutun tela. Direban tankar da ke kai muku mai ya ce zai miƙa maka hannu da hannu.

Wata buƙata ce ta taso, kuma duk dangi ba mai yi mini maganinta sai kai. Shekara goma sha biyu ka yi kana haɗa wa mutane sauti a mota kafin ka gudu daji, kuma ba a banza muka sa maka Kunne ba. Ina so in canza sifikun motar maigidana Direba, in sa masa amfilifaya, na'urar nan mai ƙara ƙarfin sauti.

Ka san motar, tsohuwar nan mai ƙofa huɗu. Direba yana hutu daga kamfani kwanakin nan. Da ya karya kumallo sai ya shiga cikinta a gindin bishiyar ƙofar gida, ya rufe gilashi, ya ɗora gwiwar hannunsa a kan ƙofa, ya kunna kiɗa har ƙarshen maɓalli. Nan zai wuni. Sifiku uku sun mutu tun bara. Ta ƙofarsa kaɗai ta rage, ita ma ta yage, in ganga ta buga sai ƙofar gaba ɗaya ta ɗauki rawa kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Maƙwabciyarmu mai jego ta aiko sau biyu. Mai gidan da muke haya ma ya yi mini magana, cikin mutunci dai, amma na gane.

Ranar Asabar na shiga kasuwar kayan mota ni kaɗai. Yaya, kamar su haɗiye ni. Wani ya nuna mini kwali an rubuta wat dubu uku, ya ce wannan ko dutse sai ya ji. Na kusa da shi ya ce wancan ƙarya ce, nasa na dubu biyar ne. Wani ya ce in ba akwatin wufa, wato babbar sifikar ganga, a but ɗin mota, ban yi komai ba. Na fito kaina yana juyawa, ban sayi ko fis ba.

Ka rubuto mini abin da zan saya, dalla-dalla, yadda jahili zai gane. Mafi ƙarfi nake so. Kar ka ce ya yi yawa. Na sayar da keken ɗinkina na zigzag saboda wannan, ba zan ji ciwon komai ba in dai ya yi.

Direba zai tafi wajen yayansa ranar ashirin, zai yi kwana takwas. A wannan tsakanin nake so a gama, ya dawo ya tarar. Don Allah kar Gwaggo ta ji, kar kowa ya ji.

Ƙanwarka,
Allura


Laraba, 12 ga wata

Allura uwar tsini,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta same ni lafiya, sai sauro da ya mai da ni gonarsa. Ki ce wa Gwaggo ta bar kajin nan su huta. Ki shafa mini kan 'yan biyu.

Na yi dariya har abokin ɗakina ya ce ko aljanu ne. Wato Direba da furfura a gemu ya koma ɗan samari mai tayar wa unguwa hankali, ke kuma maimakon ki kwaɓe shi za ki ƙara masa wuta? To na gane abin da ba ki faɗa ba. Wannan hutun nasa ba hutu ba ne, sun samu saɓani da kamfani, zuciya ta ɗauke shi ya koma mota yana huce haushi. Ba komai, kowane namiji da irin nasa ɗakin fushi. Kina so ki faranta masa kuma maƙwabta su sarara. Wannan aikina ne.

Abu na farko, ki cire ƙarfi daga ranki. Mai ƙure maɓalli ba ƙara yake nema ba, daɗi yake nema bai samu ba. In sauti ya fita tas, da kansa zai rage.

Babbar lambar da ke jikin kwali ta yaudarar masu wucewa ce. Ki juya bayan kwalin, akwai wata ƙaramar lamba da suke ɓoyewa a ƙasa, ita ce ƙarfin da sifika take ɗauka kullum ba tare da ta ƙone ba. Ki nemi mai sittin zuwa saba'in. Ki sayi biyu na ƙofofin gaba, irin waɗanda ke zuwa da 'yan ƙananansu na siririyar murya, da biyu na baya. Ki ɗaga kowace a hannu, wadda maganaɗisunta ya fi nauyi ita ce ta gaskiya. Amfilifaya mai hanya huɗu, ƙaramar lambarta ta yi daidai da ta sifikun ko ta ɗara kaɗan. Wayar wuta mai kauri kamar ɗan yatsanki, da fis kusa da batir, don kar ki ƙona wa bawan Allah mota. Akwatin but kuwa ki bar wa yara masu son a san sun iso.

Yanzu ga asirin da ya sa mutane ke bin layi a shagona. Mota ba ta rawa a hannuna. Akwai wata tabarmar roba mai ɗanko, baƙa, mai nauyi. A buɗe kowace ƙofa a manna ta a jikin ƙarfen ciki, a ɗaure duk sukurun da ya saki, a cusa soso inda roba ke taɓa ƙarfe. Wannan yagaggiyar ta ƙofarsa kuma a cire ta a jefar, kar ma ki bari ya gan ta ya ce a mayar.

Ki kai wa Mai Wayarin, tsohon abokin shagona na bayan tasha, ki nuna masa takardar nan. In ya ce ya gama, ki cika kofi da ruwa ki ɗora a madogarar hannu ta ƙofar Direba, ki kunna ganga. In ruwan ya motsa, aiki bai ƙare ba, ya sake buɗewa. Ki ce ni na ce.

In Direba ya ji ya yi murmushi, ladan nawa ne, ke ɗinki kawai kika iya.

Yayanki,
Kunne


Talata, 25 ga wata

Yaya Kunne,

Gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya. A tsaye nake rubutu, mai tanka yana jira.

An gama. Na bi takardarka layi-layi, har wani ɗan kasuwa ya ce, "Hajiya, mijinki injiniya ne?" Na ce yayana ne, kuma ya fi ka. Mai Wayarin ya yi kwana biyu a kai. Sau uku na ɗora kofi, sau biyu ruwan ya yi 'yar rawa, na sa shi ya sake kwance ƙofar yana ƙunƙuni. A na uku ruwan ya tsaya cak kamar a randa.

Yaya, ban san akwai sarewa a cikin waƙar nan da yake kunnawa kullum ba sai jiya. Na ƙure maɓalli na je bakin titi na tsaya, ina jin kowace kalma. Wannan dole ya isa. Dole.

Tsohuwar sifikar na ba mai sayen ƙarafa da ya wuce da kura. Jumma'a Direba zai dawo. Ka taya ni addu'a.

Allura


Lahadi, 30 ga wata

Yaya,

Ina gaisuwa. Yara lafiya, Gwaggo lafiya. Ni ce ba lafiya, na shiga uku, kuma ni na jefa kaina.

Na ɓoye maka magana, yau zan karya alkawari in faɗa. Direba ba ya ji. Wata takwas ke nan. Zazzaɓi mai zafi ya kwantar da shi, ya tashi da kunnuwa biyu a rufe. Ba saɓani ya yi da kamfani ba, sun ce ba za su ba wanda ba ya jin hon babbar mota ba, kuma ban ga laifinsu ba. Ya sa na rantse kar dangi su sani, wai ba zai zama abin tausayi a taro ba. Tafiyar da ya yi ma asibitin garin yayansa ya je. Magana tsakaninmu a littafin awon ɗinkina muke yi, ni in rubuta, shi ya amsa da baki, da ƙarfi, don bai san yadda muryarsa ke fita ba.

Abu ɗaya ya riƙe shi a wata takwas ɗin nan. Kullum in ya fito daga motar sai ya ce mini, "Har yanzu ina jin gangar. Kunnen bai mutu ba, barci yake." Da wannan yake cin abinci, da wannan yake wasa da yara. Sai na ce a raina, in yagaggiyar sifika tana ba shi ganga, sabuwa mai ƙarfi ai har muryar mawaƙi za ta ba shi.

Ranar Jumma'a ya dawo da rana, jikinsa a sanyaye, likita bai ba shi labari mai daɗi ba. Ko ruwa bai sha ba ya ɗauki makulli. Na bi shi na zauna a kujerar gefe ina ɓoye murmushi. Ya ɗora gwiwar hannunsa inda ya saba, ya kunna. Fitilar rediyo ta kama. Ya jira. Ya ƙara. Ya sake ƙarawa har ƙarshe. Yaya, ƙarar ta cika motar har na toshe kunnuwana da hannu biyu ban sani ba. Sai ya juyo ya gan ni a haka. Ya daɗe yana kallon hannuwana. Sannan ya kashe, ya ce, "Kunnen ya ƙarasa tafiya."

Na ruga na ɗauko littafi na rubuta masa cewa sifikun sababbi ne, ni na canza, wataƙila bai saba da su ba. Na nuna masa amfilifaya a ƙarƙashin kujera. Ya karanta ya gyaɗa kai, ya ce, "Allah ya saka miki. To kin gani, ga sababbi masu ƙarfi ma ban ji ba. Sauran me?" Garin neman gira na rasa ido.

Yau kwana biyu bai fito daga ɗaki ba sai alwala. Abinci yadda na ajiye haka nake ɗauka. Ya rataye makulli a ƙusa. Ɗazu ya ce in aika wa dillalin motoci ya zo ya gani, kuma in kwashi yara mu je gidanmu mu ɗan huta, wai ya gaji da ganin bakunanmu suna motsi.

Me na saya ba daidai ba? Ka ce mini sittin zuwa saba'in, ko da na ɗauki na dubu biyar ɗin da ya ji? Akwatin but ɗin da ka hana ni, shi ne? Ka faɗa mini mafi girman abin da motar nan za ta ɗauka ba ta kama wuta ba. Ɗayan keken ma zan sayar. Ka amsa da wannan tankar, kar ka jira ta gaba.

Allura


Litinin, 8 ga sabon wata

Yaya Kunne,

Ina gaisuwa, in har kana amsa gaisuwata.

Kwana takwas ba amsa. Kullum sai na je inda tankar ke lodi, masu gadi har sun fara yi mini kallon mahaukaciya. Na san ka. Fushi kake don na ɓoye maka, na sa ka yi aiki a makance. Ka yi fushinka, ka zage ni in ka dawo, ka daina yi mini magana shekara goma. Amma ba yanzu ba. Ba ni za ka hukunta da shirun nan ba, wancan bawan Allah ne da ke kwance yana kallon silin.

Ya rame har agogonsa yana zamewa. Shayi kaɗai yake kurɓa. Jiya ɗaya daga 'yan biyu ta shiga ta hau cikinsa tana ba shi labari, ya ɗauke ta a hankali ya ajiye a bakin ƙofa ya rufe. Yarinyar ta zo ta tambaye ni ko Baba ya daina son mu. Ban tafi gidanmu ba, kuma ba zan tafi ba.

Da na ƙi aika wa dillali, da kansa ya tura masa saƙo a waya. Mutumin ya yi tafiya, ya ce ranar Asabar, ashirin ga wata, zai zo da mai saye. Yaya, in motar nan ta bar ƙofar gidan nan, ban san abin da zai sake fito da shi daga ɗaki ba.

Na koma kasuwa. Mai dubu biyar ya ce akwati biyu a but da ƙarin batir, ya rantse gilashin baya sai ya tsage. Na ce ya ajiye mini zuwa Litinin mai zuwa. In ban ji daga gare ka ba zan ɗauka, ko da motar za ta ƙone da ni a ciki.

Allura


Asabar, 13 ga wata

Ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina yi wa Direba sannu. Ba fushi na yi ba, wallahi. Ruwa ya cinye gadar da tanka ke bi, yau da safe aka miƙo mini wasiƙunki biyu tare. Na karanta a tsaye, na zauna a kan taya na sake karantawa. Wani mai babur zai fita da wannan ta hanyar gona.

Kar ki sayi akwatunan nan. Ko sifika ɗari kika jera ba za su buɗe kunnen da ya rufe ba.

Laifin nawa ya fi naki. Kin rubuta mini komai a wasiƙar farko: mutum mai hankali ya rufe gilashi ya ƙure maɓalli, ya ɗora gwiwar hannu a ƙofa, ya wuni. Kukan kurciya jawabi ne, ni kuwa na tsaya ina tsokanarki. Shekara goma sha biyu duk wanda ya shigo shagona sai na tambaye shi wa zai saurara. Ke kaɗai ban tambaya ba.

Ki natsu ki ji. Gangar da Direba yake ji ba ta kunne take shiga ba. Yagaggiyar sifikar nan tana girgiza ƙarfen ƙofa, ƙarfen ya girgiza ƙashin gwiwar hannunsa, jikinsa ya ɗauka. Abin da yake rayuwa da shi ke nan, kuma shi na aiko aka kashe da tabarmar roba. Kofin ruwan da nake alfahari da shi, shi ne ya tabbatar ba mu bar masa ko ɗigo ba. Ranar Jumma'ar nan babu abin da ya ƙara lalacewa a jikinsa. Ƙofa ce ta yi shiru.

Ga abin da Mai Wayarin zai yi. Ya ɓare tabarmar ƙofar Direba gaba ɗaya. Ya ciro sifika ɗaya ta baya, ya ɗaure ta a kan katako mai kauri, ya ɗaure katakon da ƙusoshi a jikin ƙarfen kujerar direba ta ƙasa, ba roba ba soso a tsakani. A jikin amfilifaya akwai ɗan maɓallin da ke tace sauti, ya juya shi yadda kauri kaɗai zai je wa wannan sifikar da ta ƙofarsa. Sannan ki ɗora kofinki. Wannan karon in ruwa bai yi tsalle ba, aiki bai ƙare ba.

A ɗakin Gwaggo, ƙarƙashin gado, akwai akwatin kayan aikina. Ciki akwai makirfo da 'yar na'urarta da nake gwaji da su. Ya haɗa miki a amfilifaya. Ban taɓa gwada wannan a kan mutum ba, ban yi miki alkawari ba. In za ki yi magana a ciki, ki kusanto da baki, ki saukar da murya ƙasa.

Abu na ƙarshe shi ne mai wuya. Kar ki bari ya shiga motar ya ɗauka kunnensa ne ya dawo. In ya gina ransa a kan haka, ranar da waya ɗaya ta tsinke za mu sake binne shi. Ki ba shi takardar nan ya karanta da idonsa. Direba, in kai ke karantawa, ka yafe mini.

Kunne


Jumma'a, 19 ga wata

Yaya,

Gaisuwa. Takardarka ta iso Litinin da safe, saura kaɗan in fita kasuwa.

Mai Wayarin ya zo gida ya yi aikin a gindin bishiya, yana buga guduma taku goma daga tagar Direba, shi bai san ana yi ba. Na ɗora kofi, ruwa ya yi tsalle ya jiƙa mini zane. Na zauna a kujerarsa na toshe kunnuwana, na ji gangar tana hawa ta bayana. Na yi kuka a wurin.

Sai na bi shawararka na ba shi wasiƙar, kuma da na sani ban bi ba. Ya karanta sau biyu. Ya ce, "Wato tun wata takwas gawa nake gadi. Kuma yanzu har daji an san ni kurma ne." Ya ninke ta ya miƙo mini, ya juya wa bango fuska. Na rubuta masa ya zo ya zauna minti ɗaya kawai, ya ce shi ba jariri ba ne da za a jijjiga. Kwana uku ke nan ko shayin ya daina.

Kai kana daji da gaskiyarka, ni ce a ɗaki da shi. Da na bar shi da ƙaryar da yanzu yana cin abinci.

Gobe da hantsi dillali zai zo. Abu ɗaya ya rage mini. Motar nan ba ta tashi a hannun baƙo, sai an san yadda ake lallashin totur, kuma shi kaɗai ya sani. Dole ya zauna a kujerar ya tayar musu. Na ja wayar makirfo ta tagar baya. Ban san abin da zan ce a ciki ba.

Allura


Talata, 23 ga wata

Kunne,

Assalamu alaikum. Direba ne. Ina fatan kana lafiya kuma an gyara muku gada. Mu nan da sauƙi. Rabona da rubuta wasiƙa tun ina neman 'yar'uwarka, ka yi haƙuri da hannun.

Na ji haushinka, ba zan ɓoye ba. Likitoci uku sun gaya mini abin da ka gaya mini, na ce ba su san aikinsu ba tunda ina jin ganga. Kai ka zo ka ƙwace mini gangar sau biyu, da roba da kuma takarda. Kwana uku ina kwance ina tsara zagin da zan yi maka.

Asabar dillali ya zo da mai saye, wani mai ƙaton agogo. Suka yi ta murɗa makulli mota ta ƙi. Na fito don in tayar musu in koma. Dillali yana kujerar gefe. Na ga kofi cike da ruwa a kan dashbod, na ɗauka yara ne suka bari. Na taka totur sau biyu, na saki, na murɗa, ta tashi.

Ina shirin fita sai kujera ta buge ni a baya. Ba ganga ba ce, ganga na san tafiyarta. Bugu uku ne, na tsakiya ya fi tsawo. Shiru. Sai ya sake, uku. Na duba madubi. Ga Allura tsaye a bayan mota, ta riƙe wani abu a baki da hannu biyu, fuskarta duk hawaye. Na kalli bakinta a madubi, kujera ta sake bugawa daidai da shi. Direba take cewa. Shekara goma sha ɗaya tana kirana haka, ban taɓa sanin tsakiyar take ja ba.

Da ta ga na tsaya sai ta saki baki. Kunne, ban gane kalma ko ɗaya ba, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce na gane ba. Amma ya zo da sauri, ba numfashi, yana hawa yana sauka, yana dawowa wuri ɗaya. Duk duniya mutum ɗaya ke da wannan tafiyar. Faɗa take yi mini. Na leƙa ta taga na ce, "To ya isa, zan ci." An ce har bakin titi an ji ni. Sai kujera ta ɗauki wata irin rawa 'yar gutsi-gutsi, na duba madubi, dariya take yi tana kuka. Ruwan kofin kuwa ya ƙare a wandon dillali. Ya fita yana ta motsa baki, wannan kam na gode Allah ban ji ba. Na ba su haƙuri na ce mota ba ta sayarwa ba ce.

Kunnena ya mutu, na karɓa. Akwai safiyar da nake tashi abin ya danne ni kamar ranar farko. Aiki ma ban san inda zan nufa ba tukuna. Amma jiya 'yan biyu sun yi layi a makirfo, na rufe ido, na raba su ba kuskure: ɗaya tana sara magana, ɗaya tana ja. Gwaggo ma na je da ƙafata na gaya mata. Ta yi ta faɗa, na ce ta bari sai ta zo mota.

Ƙofofin nan uku a bar su yadda ka tsara, masu kunne suna yabawa. Zagin da na tanada na yafe maka rabi.

Tambaya ɗaya gare ni, kuma wannan karon ga wanda zai saurara na gaya maka tun farko. Wayar makirfon nan gajera ce, iyakarta bayan mota. Daga gindin bishiya zuwa inda take ajiye keken ɗinkinta taku ashirin da shida ne, na auna da ƙafata. Wace irin waya za mu saya da za ta kai can ba tare da muryarta ta raunana a hanya ba?

Ka amsa da tankar farko.

Direba